Kurakuran da na gaji da gani a rubutun neman gurbin jami'o'in waje

Duk shekara, daga Satumba zuwa ƙarshen Disamba, ɗalibai a nan Jos sukan kawo mini rubutun da za su haɗa da takardunsu na neman gurbin karatu, kuma kurakurai iri ɗaya nake tararwa. Laifin ba nasu ba ne kacokan, domin a tsarin JAMB maki ne yake magana, babu mai tambayar yaro ya bayyana ko shi wane ne. Amma jami'a irin Harvard, wadda ba ta ɗaukar ko mutum 5 cikin kowane 100 da suka nema, tana da dubban masu sakamako mai kyau a gabanta, saboda haka rubutun yana cikin abubuwan da take raba aya da tsakuwa da su.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne barin hannu da yawa su shiga rubutun, domin shi ne ya kayar da ni. Lokacin da na nema, na rubuta yadda nake taya mahaifina gyaran rediyo, da ranar da na ƙona rediyon wani dattijo na kwana uku ina neman inda na yi kuskure. Na kai wa kawuna, ya karanta ya ce, “Ɗana, wannan ai tatsuniya ce, Turawa ba za su ɗauke ka da muhimmanci ba.” Na ce, “To, Kawu, a gyara mini.” Ya cire rediyon, wani malami ya cusa manyan kalmomin da ni kaina sai da ƙamus nake gane su, wani yayana kuma ya ɗora zancen wani shahararren shugaba a farkon shafi. Da aka gama, rubutun ya zama rigar aro, ko'ina burga, babu ni a ciki, kuma duk inda na aika ba a ɗauke ni ba. Masu tantancewa suna karanta ɗaruruwan irin wannan, sun san muryar ɗan shekara 17, sun kuma san ta dattijo ɗan shekara 50. Yanzu ChatGPT ya maye gurbin kawu, sakamakon kuwa bai canja ba. Abin da nake yi shi ne in sa ɗalibi ya ba ni labarin da Hausa, in naɗa a waya, sannan ya rubuta daga abin da ya faɗa. Mutum biyu kawai nake yarda su duba, kuma aikinsu tambaya ne da gyaran nahawu.

Na biyu shi ne jingina da labarin wahala. Yaron da ba a haifa ba tukuna a 2001 zai cika shafi da rikicin Jos na wannan shekarar kamar a gabansa aka yi, don an gaya masa cewa tausayi ke buɗe ƙofa. Haba! Idan abin ya taɓa ka da gaske, ka rubuta shi, amma ka nuna abin da kai ka yi da abin da ya canja a tunaninka. Kunyarmu ma tana ƙara dagula lamarin, domin an tarbiyyantar da mu kan cewa yabon kai jahilci ne, sai ɗalibi ya ɓuya a bayan “mu” da “al'ummarmu” har rubutun ya ƙare. Wata yarinya ta kawo mini shafi biyu kan talaucin Arewa, sai a cikin hira na gano ita ke riƙe lissafin tumatirin mahaifinta a kasuwar Farin Gada tun tana aji biyu na sakandare. Wannan lissafin na sa ta rubuta.

Sauran ƙanana ne. Kada ka maimaita jerin kyaututtukanka, akwai gurbinsu daban a fom. Common App, manhajar da ake neman gurbi a jami'o'in Amurka da dama ta cikinta, kalma 650 ta ƙayyade, ba a wuce ta. Kada ka aika wa Birtaniya rubutun Amurka, domin UCAS, hukumar da ake neman gurbi a jami'o'in Birtaniya ta hannunta, ta fi son jin dalilin zaɓen fannin da abin da ka karanta a kansa, cikin haruffa 4,000. Ka duba sunan jami'ar a gajerun amsoshin da kowace makaranta take nema, don na sha ganin an yabi wata a takardar wata.

Wa'adin Oxford da Cambridge 15 ga Oktoba ne, jami'o'in Amurka da dama kuma 1 ga Nuwamba ga masu nema da wuri, ko farkon Janairu ga saura. Ni dai ɗalibaina mako guda kafin ranar suke aikawa, saboda na san halin wutar lantarki da intanet ɗinmu a daren ƙarshe.