Yadda Ake Tsara Dokar Kwalin Taba Maras Ado da Za Ta Tsaya a Gaban Kotu

Mai son tsara irin wannan doka ya dubi hanyar da Ostareliya ta bi da dokarta ta 2011, wadda ta fara aiki gadan-gadan ranar 1 ga Disamba, 2012.

Da farko, a bar wa kamfani rajistar tambarinsa, a taƙaita amfani da shi kawai, kuma a rubuta ƙarara cewa rashin buga tambarin a kwali ba zai sa a soke rajistar ba. Nan gizo ke saƙa, domin da kamfanonin taba suka kai ƙara cewa an ƙwace musu dukiya ba tare da diyya ba, Babbar Kotun ƙasar ta yanke hukunci a watan Agusta 2012 cewa gwamnati ba ta mallaki komai nasu ba.

Daga nan a fayyace kamannin kwalin dalla-dalla. A can, launinsa ruwan ƙasa ne mai duhu, sunan tabar da ƙananan haruffa iri ɗaya ga kowa, gargaɗin lafiya kuwa ya rufe kashi 75 cikin ɗari na gaban kwalin.

A kuma tanadi hujjojin masana lafiya tun da wuri, domin su ne suka taimaki Ostareliya ta yi nasara a ƙarar da wasu ƙasashe suka kai ta kan dokar a Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2018 da 2020.