Yadda Ake Zaɓar Gardabu Ga Keken Tsere Kafin Damina Ta Kankama

Yawancin kekunan tsere da suke shigowa Maraɗi cikin kayan gwanjo daga Turai suna zuwa ne babu komai a kan tayoyinsu, domin an ƙera su ne saboda gudu a kan busasshiyar kwalta. Mutanen Faransa da Ingila sukan ɗaura musu makarin taɓo, wanda masu gyaran keke a nan suke kira gardabu, idan hunturunsu ya shigo da ruwa da gishirin da ake watsawa a hanya don narkar da ƙanƙara. Namu hunturun ƙura ce kawai, babu abin da gardabu zai tare a cikinsa. Lokacin da muke bukatarsa shi ne daga Yuni zuwa Satumba, musamman a Agusta, sa'ad da ruwa yake kwaso rairayi daga unguwanni ya shimfiɗa shi a kan kwalta yayin da yake gangarawa Gulbi. Duk wanda ya bi hanyar Tibiri ko ta Ɗan Isa bayan an ɗauke ruwa ya san jan zanen da tayar baya take yi masa tun daga wando har ƙeya. Wanki yana fitar da wannan. Abin da ba ya gyaruwa shi ne ɓarnar da ruwa mai yashi yake yi wa sarƙa da haƙoran giya da robar birki, domin a hankali yake cinye su har su side.

Aikin farko a gida ake yin sa, tun kafin a doshi kasuwa. Ka duba gefen tayarka, za ka ga lambobi irin su 700x25C ko 25-622. Lamba 25 ita ce faɗin taya a milimita, 622 kuma ita ce faɗin da'irar ƙarfen da tayar take zaune a kansa. Ka rubuta su a takarda, domin gardabun da ya dace sai ya ɗara taya faɗi da aƙalla milimita 8 zuwa 10. Tayar 25 tana tafiya da gardabu mai faɗin 35, tayar 32 kuwa sai mai 42 ko 45. Akwai wani tarko a nan da ya kamata a sani. Tsofaffin kekunan dako irin su Phoenix da Raleigh ana cewa tayarsu inci 28 ce, tayar keken tsere ma wani lokaci haka ake rubuta mata, amma ta dako 635 ce, ta tsere 622. Gardabun ƙarfen da ya fi yawa a rumfunan kayan keke na kekunan dako ne, kuma ko an lanƙwasa shi ya bi da'irar tayar, faɗinsa ba zai bar shi ya shiga tsakanin ƙarafan keken tsere ba.

Aiki na biyu shi ne wanda komai ya rataya a kansa, kuma shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa: auna sararin da ke tsakanin taya da jikin keke. Wurare uku ake dubawa. Akwai ƙarƙashin mahaɗar ƙarafa biyu da suke riƙe da tayar gaba, akwai ɗan ƙarfen da birkin baya yake ɗaure a kansa, sannan akwai matsatsin da ke bayan gindin feda, inda tayar baya take wucewa daf da jikin keke. Ka ba taya iska sosai, sannan ka zura fensir a kowane wuri. Kaurin fensir bai wuce milimita 7 ba, saboda haka idan ya shiga da ƙyar, ka cire rai da cikakken gardabu. Idan ƙaramin yatsanka ya wuce ba tare da ya maƙale ba, to, akwai fata. Abin da ake so shi ne bayan an ɗaura gardabun a samu ragowar sarari da bai gaza santimita ɗaya ba tsakaninsa da taya, ni kuwa a wannan garin na fi son ya ɗara haka. Dalili shi ne tayar Bature ruwa take ɗauka, tamu kuwa jiƙaƙƙen yashi ne da tsakuwa da ƙayar aduwa, ga kuma baƙar leda da iska take shimfiɗawa a ko'ina.

Ledar nan ta taɓa koya mini darasi. Na matsa wa wani mai gyara ya ɗaura mini gardabun da na sayo ban auna ba, ya juya tayar ya saurara, ya ce, "Malam, wannan fa ko takarda ba za ta wuce ba." Na ce ya ɗaura haka nan. Kwana uku bayan haka, ina gangarowa da safe, tayar gaba ta naɗo jiƙaƙƙiyar leda ta cusa ta a ƙarƙashin birki, gardabun ya naɗe kamar tabarma, keken ya tsaya cak, ni kuma na wuce ta saman kansa. Gwiwar hannuna ce ta biya kuɗin gaggawar.

Nau'in birki yana ba da haske tun kafin a auna. Keken da birkinsa yake matse gefen ƙarfen taya, irin na tsere zalla, yawanci ba ya barin wuri, sai dai idan birkin mai dogayen hannuwa ne. Wanda birkinsa na faifai ne, a tsakiyar taya, galibi ya fi yalwa. Daga nan sai ka nemi ƙananan ramuka masu zare a kusa da inda ake ɗaure tayoyi, gaba da baya, waɗanda kusoshi masu kaurin milimita 5 suke shiga. Idan suna nan, maƙerin keken ya yi tanadin gardabu ke nan.

Sakamakon awon shi zai zaɓar maka nau'i. Mai sarari da ramuka ya sayi cikakken gardabu, wanda yake rufe kusan rabin da'irar taya kuma yake tsayawa da siraran sanduna na ƙarfe. Shi ne kaɗai yake kare ƙafafu da sarƙa da birki gaba ɗaya, kuma ba ya karkaɗa idan an ɗaure shi da kyau. Wanda yake da sarari amma babu ramuka yana iya amfani da ƴan maɗaurai masu roba a ciki da ake zagaya ƙarfen keke da su. Wanda ba shi da sarari sai ya koma ga gardabun da ake maƙalawa da igiyar roba, irin Raceblade na kamfanin SKS na Jamus, wanda yake tsayawa daf da birki ba tare da ya bi ta ƙarƙashinsa ba. Yana kare baya da fuska, amma birki da sarƙa suna ci gaba da shan yashi, kuma dole a naɗa salatif a inda robar take zama, in ba haka ba yashi ya shiga ƙarƙashinta ya kankare fenti. Ɗan ƙaramin da ake soƙawa a ƙarƙashin sirdi kuwa wando kaɗai yake tsarewa, ban ga dalilin kashe masa kuɗi ba tun da ana iya yanka irinsa daga tsohuwar jarka.

Game da abin da aka ƙera shi da shi, baƙin ƙarfe yana da nauyi kuma yana tsatsa, alminiyam ba shi da nauyi amma girgizar hanyar burji tana tsaga shi a bakin ramin kusa. Roba zalla tana bushewa a ranar Afrilu da Mayu har ta karye. Wanda ya fi jurewa a wajena shi ne mai siririn alminiyam a tsakiyar roba, domin yana lanƙwasa ya koma yadda yake. Ka tabbata na gaba yana da ɗan maɗaurin roba a ƙasan sandunansa, wanda yake sakin sandar da kansa idan wani abu ya maƙale. Da nawa yana da shi, da ledar nan ba ta kayar da ni ba.

Tsawo ma abin lura ne, musamman a gaba. Ruwan da yake jiƙa takalmi ya wanke man sarƙa daga ƙasan tayar gaba yake tashi, saboda haka gardabun da ya tsaya a tsakiyar taya bai yi rabin aikinsa ba. Idan ya gaza, a ƙara masa harshe na roba mai laushi, ko da daga tsohuwar tayar keke aka yanko, ya sauko ya rage kamar faɗin tafin hannu ya taɓa ƙasa. Sai dai kafin ka biya kuɗi, ka hau keken ka sa feda a gaba, ka karya kan keken dama da hagu, ka ga ko kan takalminka yana taɓa gardabun. Ƙananan kekunan tsere suna da wannan matsala, kuma a lokacin kauce wa adaidaita ko amalanke a cunkoson Babbar Kasuwa take bayyana.

Ka tafi da keken kansa wurin saye, kada ka tafi da takarda kaɗai, kuma ka nemi a gwada kafin a yanke sanduna, domin abin da aka yanke ba ya komawa. A ɗaura kusoshi sako-sako, a daidaita sararin ya zama ɗaya tun daga farko har ƙarshe, a ɗaga keken a juya taya a kasa kunne, sannan a ƙara matsewa. A rufe bakin sandunan da aka yanke da ƴan hulunan robarsu don kada su yagi ƙafa. Bayan fita biyu ko uku a sake bin kusoshin da sifana, domin girgiza tana kwance su. Idan ruwa ya janye a Oktoba, ka cire gardabun ka wanke shi ka rataye a inuwa, kusoshin kuma ka shafa musu giris ka mayar da su cikin ramukansu, don kada ƙurar hunturu ta toshe zaren kafin wata damina.