Yadda Ake Miyar Adas Don Abincin Rana

'Yan uwa sun dame ni da tambayar miyar adas ɗin nan da mutanen Sudan ke sha da burodi. To ga ta. Adas wani irin ƙaramin wake ne, wanda ake kira lentils da Turanci. Jan adas za ki nema, wanda aka ɓare, domin ba ya buƙatar jiƙo.

1. Ki auni adas kofi 1.
2. Ki tsince shi a faranti. Wani lokaci tsakuwa na ɓuya a ciki.
3. Ki wanke har ruwan ya daina fari.
4. Ki soya albasa 1 a man gyaɗa cokali 2, ta yi laushi kawai.
5. Ki zuba tafarnuwa dakakkiya. Hattara: ba ta jure wuta, in ta ƙone duk tukunyar sai ta yi ɗaci.
6. Ki zuba tumatir 2 da karas 1, yankakku.
7. Ki juye adas.
8. Ki tsaida ruwa kofi 4.
9. In ya tafasa, ki kwashe kumfar.
10. Ki rage wuta, ki bar shi minti 20. A nan ake samun matsala. Adas akwai kama gindin tukunya, don haka ki riƙa juyawa, kuma kar ki rufe ruf, zai yi bori.
11. Ki sa gishiri da garin kammun (kayan ƙamshin da ake kira cumin da Turanci).
12. Ki burge da maburgi. Ni na fi son sa da ɗan gari-gari, shi ya sa ba na niƙawa.
13. Ki matsa lemon tsami bayan kin sauke.

In ta huce kauri take yi, sai ki ƙara ruwan zafi.