Yadda Ake Sauya Jirgi a Filin da Ba Ka Sani Ba: Daga Kano Zuwa Sin ta Addis Ababa

Ɗan kasuwar da zai je sarin kaya Guangzhou ko Yiwu karon farko, ba zaman cikin jirgi ne ya fi tayar masa da hankali ba. Abin da ke hana shi barci shi ne inda za a sauke shi a tsakiyar hanya, ƙasar da bai san kowa ba, ba ya jin yarensu, a ce ya nemo wani jirgin da kansa. Na ga dattawa masu rumfuna a Kwari suna tsaye cirko-cirko a filin Bole na Addis Ababa, kuma raina ya sosu, domin abin yana da sauƙi in an san bakin zaren.

Aikin yana farawa tun a filin Malam Aminu Kano. Lokacin da ake auna kayanka, tambayi ma'aikacin: “Kayan nan har ina za su?” In tikitinka ɗaya ne daga Kano har Guangzhou, ba za ka sake ganin akwatinka ba sai can. Duba takardar da ya liƙa wa akwatin da idonka. Haruffan filin Guangzhou su ne CAN, na Kano kuwa KAN, harafi ɗaya ne kawai tsakaninsu. Ɗan guntun da zai liƙa maka a bayan fasfo ko tikiti, adana shi kamar kuɗi, da shi ake neman kaya in sun ɓata. Ka nemi katin shiga jirgi na biyu tun a nan. Fasfo, katin rigakafin shawara, magungunanka, caja da fawa bank duk su zauna a jakar hannu; ba a yarda fawa bank ya shiga akwatin da aka auna ba.

Wani kuma zai zo da fara'a ya ce ga ɗan saƙo ka miƙa wa ƙaninsa a can. Ka ce masa ya yi haƙuri, ko da kun saba gaisawa. Hukuncin safarar ƙwaya a Sin yana kaiwa ga kisa, kuma wanda aka samu da kaya a hannu shi ne mai kaya.

Da jirgi ya sauka Addis, kafin ka tashi daga kujera, gyara agogonka. Habasha tana gaban Najeriya da awa 2, Sin kuma da awa 7. Lokacin tashi da ke jikin tikiti na garin da jirgin zai tashi ne, lokacin sauka kuma na garin da zai sauka. Akwai wani abu kuma: Habashawa suna da nasu lissafin agogo da ke farawa daga fitowar rana, ƙarfe bakwai na safe a wurinsu ƙarfe ɗaya ne. Don haka agogon bangon filin da allon jirage su ne abin dogaronka.

Kana fitowa, kada ka bi ayari don kawai ka ga sun nufi wuri ɗaya. Wasunsu Addis suka zo, za su wuce wurin jami'an shige da fice su fita gari. Kai allon da aka rubuta “Transfer” ko “Connecting Flights” za ka bi. Ko ba ka jin Turanci, haddace siffar kalmomin nan. Za a iya sake binciken jakarka, kuma duk abu mai ruwa da ya wuce mililita 100 za a karɓe, har turare. Kwalbar turare mai tsada, wurinta babban akwati.

Daga nan nemi babban allo. Lambar jirginka za ka nema, wadda ta fara da ET, haruffan kamfanin jirgin Habasha, ka ga ƙofar da ke gabanta. Sunan gari kaɗai yana ruɗarwa, kuma ƙofar da aka buga a katinka tun Kano tana iya canzawa. Shawarar da na fi ba wa muhimmanci ita ce: tafi ƙofar nan tukuna, ka gan ta da idonka, ka san minti nawa ka yi a hanya. Bayan haka sai cin abinci, sai salla, sai kiran gida. Da yawan waɗanda jirgi ya bari suna cikin filin a lokacin, suna shago ko sun kishingiɗa a wata kusurwa mai nisa. A katinka akwai lokacin fara shiga jirgi, akwai lokacin tashi. Da na farko za ka yi aiki, domin ana rufe ƙofa tun kafin lokacin tashi ya yi.

Ka tanadi rigar sanyi. Addis tana kan tudu, sama da mita 2,000, dare yana da sanyi ko da ka baro Kano cikin zafin bazara. Don salla, tambayi ma'aikata ɗakin salla, matafiyi kuma yana da rangwamen ƙasaru. Sai dai ka tuna “gabas” ɗin da muka saba ta gida ce: a Addis alƙibla tana arewa, a Guangzhou kuwa wajen yamma take.

Jirgin Guangzhou yana cin awa goma ko fiye, ka sha ruwa sosai ka riƙa miƙe ƙafa. Kafin ka hau, ɗauki hoton tikitinka da adireshin masaukinka da rubutun Sinanci, domin WhatsApp da Google ba sa aiki a intanet ɗin Sin. Kilishi da dambun nama kuma, a cinye su kafin sauka, kwastan ba sa barin nama ya shiga.

In Yiwu za ka wuce da jirgin cikin gida, Guangzhou ce ƙofar shigarka ƙasar. A nan za a duba bizarka a buga maka hatimi, kuma galibi sai ka ɗauki akwatinka ka bi ta kwastan ka sake ba da shi. Kada ka yarda wakilin tikiti ya haɗa maka wannan zangon da tazarar awa ɗaya. Ka nemi awa uku ko fiye.

In kuma jirgin farko ya makara har na biyu ya tashi, kada ka fita daga filin. Je teburin kamfanin da katinka a hannu. Muddin tikitin ɗaya ne, alhakinsu ne su saka ka a jirgi na gaba. In daban-daban ka saya don neman sauƙi, to sabon tikiti daga aljihunka zai fito, saboda haka ka tambayi wakilinka wannan tun kafin ka biya shi.