Babi na Bakwai: Maruru Mai Dawowa da Kula da Miki Bayan Tiyata

Darasi na 1: Maruru

Karanta a hankali, 'yar'uwa. In kin zo kan kalmar da ta yi miki tsauri, ki ɗora yatsa a kanta ki rarraba ta: ma-ru-ru, ti-ya-ta, ban-de-ji. Ba tsere muke yi ba.

Maruru ƙurji ne da ke tara mugunya a ƙarƙashin fata. Yakan fara da ɗan tauri mai zafi, ya kumbura, ya yi sheƙi, daga baya ya yi kai. Ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda ido ba ya gani, likitoci na ce mata Stafilokokus. Kusan mutum 1 cikin 3 yana ɗauke da ita a hancinsa ko a fatarsa, kuma lafiyarsa ƙalau. Sai ta samu ƙofa take shiga: gindin gashi, yankan reza, inda aka sosa da farce. Ta fi son inda zufa ke kwanciya, wato hammata, matsematsi, ɗuwawu da ƙarƙashin nono. Mu da ke zaune a Makka, inda zafi kan haura digiri 45 lokacin bazara, ba sai an gaya mana yadda zufa take ba.

In ya fito, ki samu tsumma mai tsabta, wanda aka wanke ya bushe. Ki tsoma shi a ruwan ɗumi. Ɗumi na ce, ba tafasasshe ba, don haka ki fara gwadawa a bayan hannunki. Ki matse tsumman, ki ɗora a kan ƙurjin minti 10 zuwa 15, sau 3 ko 4 a rana. Minti 10 a agogon bango shi ne dogon hannu ya tashi daga 12 ya kai 2. In kin gama ki wanke hannu da sabulu, tsumman kuma ya tafi wanki.

Kada ki matse ƙurjin. Kada ki sa masa allura, kada ki bari a yi masa sakiya. Matsawa tana tura mugunyar ciki, wani lokaci har cikin jini. Wanda ya fito a fuska, tsakanin hanci da leɓen sama, shi kam ko wasa kada a yi da shi, a kai wa likita.

Darasi na 2: In yana dawowa

Wanda ya fito miki sau 3 ko fiye a cikin shekara ɗaya ya wuce maganin gida. Ki je mustausaf, wato ƙaramin asibiti, ki ce a gwada miki suga. Ana yin gwajin da safe, kafin ki ci komai. In takarda ta nuna 126 ko sama da haka, likita zai sake gwadawa don ya tabbatar. Ciwon suga ya yi yawa a ƙasar nan ta Saudiyya, yana kuma sa ƙurji ya riƙa dawowa, ya sa miki ya ƙi warkewa.

Akwai kuma wani ciwo da likitoci ke kira hidradenitis. Shi a wuri ɗaya yake ta fitowa, a hammata ko matsematsi ko ƙarƙashin nono, ya fashe, ya bar tabo, ya sake fitowa. Ba ƙazanta ke kawo shi ba, ba a kuma ɗaukarsa daga wani. Na san mata da suka yi shekaru suna ɓoye shi saboda kunya da wari, har suka daina zuwa taron suna. In haka naki yake, ki nemi likitan fata, kuma kina iya cewa mace kike so ta duba ki. Taba da shisha suna ƙara masa ƙarfi.

A gida, kowa da tawul ɗinsa, kowa da rezarsa. Na san ɗakunanmu, na san yadda ake cika da baƙi lokacin aikin Hajji, amma tawul ɗin mai ƙurji nasa ne shi kaɗai. Zanen gado da kayan ciki a wanke su da ruwan zafi, a na'urar wanki ki murɗa zuwa lamba 60. Gashin hammata kuma a rage shi da almakashi maimakon reza, har wurin ya lafa.

Darasi na 3: Canza bandeji

Wannan shi ne darasin da nake so ki riƙe ko da kin manta sauran.

In likita ya tsaga ƙurji ya fitar da mugunya, sau da yawa ba ya ɗinkewa. Ba mantuwa ya yi ba. Mikin daga ƙasa yake cikowa, kamar yadda ake cike rami, kuma in bakin ya rufe alhali ciki da saura, mugunya za ta sake taruwa. Wani lokaci yakan cusa shash, wato farin ƙyallen rufe miki, a ciki. In ya cusa, ki tambaye shi wa zai cire, kuma yaushe. Kada ki fito sai kin ji amsa. Mikin da aka ɗinke kuma, kada ruwa ya taɓa shi kwana 2 na farko, sai in likita ya ce wani abu dabam.

Kafin ki fara, ki jera kayanki a kan faranti mai tsabta: sabon shash a cikin ledarsa, filasta, ruwan gishiri na saidaliyya (kantin magani), da leda ta zuba shara. Ki yanka filastar tun yanzu. Ki ɗaure ɗankwalinki da kyau, ki ajiye waya nesa.

Sai ki wanke hannu. Ruwa da sabulu. Ki cire zobe. Ki cuɗa tafi, ki cuɗa baya, tsakanin yatsu, babban yatsa, ƙarƙashin farce, kina ƙirga 1 zuwa 20 a hankali. Ki ɗauraye, ki goge da tishu. Wannan shi ne wanki na farko, kuma kusan kowa a aji yana yin sa.

Yanzu ki cire tsohon bandeji. In ya manne kada ki fizge, ki jiƙa shi da ruwan gishirin ya saki da kansa. Ki duba abin da ke jikinsa, ki jefa a leda.

Tsaya nan. Kada ki taɓa komai. Ki tashi ki sake wanke hannu.

Wannan shi ne wanki na biyu, kuma a nan ake faɗuwa. Duk lokacin da muka gwada a aji da matashin kai, abu ɗaya nake gani: an cire tsohon bandeji lafiya, an jefa a leda, sai hannu ya miƙe kai tsaye zuwa ledar sabon shash. Wata ma sai ta gyara mayafi tukuna, ta share zufar goshi, sannan ta ɗauka. Hannun da ya taɓa tsohon bandeji ya kwaso abin da ke cikin mugunya, ko da kin ga babu komai a kansa. In ya taɓa sabon shash, kin mayar wa mikin abin da likita ya sha wahalar fitarwa.

Mu faɗa tare: cire tsoho, wanke hannu, ɗauko sabo. Sake faɗa. Cire tsoho, wanke hannu, ɗauko sabo. Ki rubuta shi a takarda da manyan baƙaƙe, ki manna a bangon da kike zama kina canza bandeji. In rubutun ya karkace ba komai, ke za ki karanta.

Wata baiwar Allah ta ce mini, "Malama, ai yanzun nan na wanke." Na ce, Hajiya, wancan kafin ki taɓa tsohon ne. Wata ta ce tana da alwala. Allah ya karɓi ibada, amma alwala babu sabulu a cikinta, ki wanke. Wata ta ce ta sa safar hannu. To, safar ce ta taɓa tsohon, ki cire ta ki jefar, ki wanke hannu, ki sa sabuwa. Babu wata hanya da za ta tsallake wanki na biyu.

Gaskiya abin yana ɓata mini rai. Mace ta biya kuɗin mota, ta biya kuɗin tiyata, ta kwana tana juyi saboda zogi, sannan ta yi ƙyuyar tashi zuwa famfo. Kuɗin da kika tara da guminki ne fa. In tashin ne wahala saboda inda mikin yake, a ajiye miki buta da sabulu da roba a gefenki tun kafin a fara. In ɗiyarki ce ke yi miki, ki sa mata ido, ki ce da ita: wanki na biyu. Za ki iya, na ga waɗanda suka fi ki shekaru sun iya.

Da hannu mai tsabta, ki jiƙa shash da ruwan gishiri, ki goge daga tsakiyar mikin zuwa waje. Shafa ɗaya, ki jefar, ki ɗauki wani. Sabon shash a gefe ake riƙe shi, kada yatsa ya taɓa tsakiyar da za ta kwanta a kan mikin. Ki rufe, ki manna filasta, ki ƙulle ledar shara, ki wanke hannu na uku.

Kada ki zuba komai a ciki. Ba toka, ba lalle, ba man goge baki, ba habbatus sauda, ba garin kafso da aka buɗe. Sipirit ma yana ƙona sabon naman da ke tsirowa. Batun alwala da wankan tsarki, malamai sun yi bayanin shafa a kan bandeji, ki tambayi malaminku.

Wanki nawa muka yi? Uku. Wanne ake mantawa? Na biyu.

Darasi na 4: Takardar magani

In an rubuta 1 × 3, ana nufin ƙwaya ɗaya sau uku a rana: 6 na safe, 2 na rana, 10 na dare. Ki shanye na kwanakin da likita ya rubuta ko da kin ji sauƙi. Kada ki sha ragowar na maƙwabciya. Tun 2018 saidaliyya a ƙasar nan ba ta sayar da antibayotik sai da takardar likita, don haka kada ki tsaya yi wa mai kanti magiya.

Ki lura da lambobin Larabci a katin komawa asibiti. ٥ biyar ce, ba sifili ba. ٦ shida ce, ba bakwai ba. Yawancin ɗinki ana cire shi tsakanin kwana 7 da 14. Ki sa a karanta miki ranar, ki maimaita da bakinki.

Darasi na 5: Alamun haɗari

Ki koma asibiti a ranar in kin ga zazzaɓi ya kai digiri 38, ko kumburi da zafi suna yaɗuwa, ko zogi yana ƙaruwa, ko wari ya canza, ko ɗinki ya buɗe. In jini ya ƙi tsayawa, ki danne da shash a kira motar asibiti a 997. Don neman shawara, lambar Ma'aikatar Lafiya 937 ce, dare da rana. Na san akwai masu gudun asibiti saboda kuɗi ko takardar zama, amma waɗannan alamun ba sa jira.

Darasi na 6: Abinci

Ki ci ƙwai, wake, kifi, nama da nono, su ke gina sabon nama. Ki sha ruwa. Mai suga ta kiyaye sugarta.

Aikin gida: ki rubuta 937 da 997 sau biyar biyar a littafinki. Ranar Asabar kowa ta zo da sabulu da tsohon ɗankwali, za mu sake gwada Darasi na 3.