Yadda Nake Ƙera Ɗan Samfurin Jirgin Grigorovich M-5

Jirgin sama ne mai cikin kwalekwale, a kan ruwa yake tashi, a kan ruwa yake sauka. Dmitry Grigorovich ya ƙera shi a 1915 a masana'antar Shchetinin da ke Petrograd (birnin Saint Petersburg na yanzu), sojojin ruwan Rasha suka yi yaƙin duniya na farko da shi. Faɗin fukafukinsa ya haura mita 13. In ka rage shi sau 20, ka sami kusan santimita 68.

Nemi farin soson nan da ake kunshe sabon firji, masu kayan lantarki a kasuwar Taminus ta Jos zubar da shi suke yi. Da shi za ka sassaƙa gangar jikin. A nan fa ake haƙuri: ka yanka 'yar gaɓa a ƙasan cikin, daidai ƙarƙashin fukafukai. A jirgin gaske, ita ke sa ruwa ya saki jikinsa in ya ɗauki gudu. Goge da sanfefa, ka shafa fenti na ruwa, don mai fetur cinye soso yake.

Fukafukai biyu ne, sama da ƙasa. Tsinken tsire ya isa ya tokare su, ka ɗaure da zare. Injin kuwa, Gnome mai ƙarfin doki 100, bayan matuƙi yake, farfelarsa na kallon baya. Kada ka manta 'yan ƙananan kwalekwalen da ke ƙarshen fukafukin ƙasa, in ba su jirgi zai kife.

Gwada shi a baho cikin gida. Ni ba na kai yara kududdufan haƙar kuza na unguwar Rayfield a Jos, zurfinsu ba wasa ba.