Yadda Matashin Gombe Zai Gyara Halinsa Kafin Ya Shiga Sojan Ruwa

Matasan Gombe da ke neman shiga sojan ruwa sun fi ba da ƙarfi ga gudu da motsa jiki. Hakan daidai ne, sai dai abin da ya fi kayar da mutum a wannan aiki hali ne. Rundunar Sojojin Ruwan Nijeriya, wadda aka kafa a 1956, ta ɗora aikinta a kan ginshiƙai uku: gaskiya da riƙon amana, ƙwarewa a aiki, da aiki tare. A cikin jirgi kowane ɗaya yana da ranar da za a neme shi a wurinka.

Gaskiyar tun daga takardu take farawa. Kada ka rage shekarunka, kada ka ari sakamakon jarrabawar wani, kada ka nemi takardar asalin ƙaramar hukumar da ba taka ba. Ana sake tantancewa, kuma ko bayan an kai ka makarantar horar da kurata da ke Onne a Jihar Ribas, in aka gano jabu gida za ka dawo. Ba a biyan ko sisi wajen neman wannan aikin. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya saka sunanka, damfara ce, kada iyaye su sayar da gona ko ɗan bijimi a kan haka. Haka nan lafiya: in kana da asma ko farfaɗiya, faɗa wa likita. Ɓoye ta na iya zama ajalinka a ɗakin inji mai zafi ko a tsakiyar teku. Mai shan tiramol ko wiwi kuma ya rabu da su kwata-kwata, domin barin sati biyu saboda gwajin asibiti ba ya raba mutum da jaraba.

Inda aka fi gane amanar sojan ruwa shi ne gadi. A al'adar jiragen yaƙi ana raba yini zuwa awa huɗu-huɗu, kuma mafi wuya shi ne na sha biyun dare zuwa huɗu na asuba. Ka isa wurin aikinka da kamar minti goma sha biyar kafin lokaci, ka saurari bayanin wanda za ka canza: me ke aiki, me ya lalace, wane umarni aka bari. Kada ka bar wurin sai mai canzarka ya zo ya karɓa da bakinsa. In tsaron ido aka sa ka da dare, wato ka zuba ido a kan teku don hango abin da ke tahowa, ka sani ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma leƙa waya sau ɗaya ya isa ya ɓata wannan. Ƙaramin kwalekwale marar fitila ba ya jira idonka ya dawo. Barci a bakin gadi laifi ne da dokar soja ke hukuntawa, don haka in gyangyaɗi ya ci ƙarfinka, gara ka sanar da na gaba da kai.

A ɗakin inji akwai littafin da ake rubuta zafin inji da ƙarfin mai lokaci-lokaci. Malalaci yakan zauna ya kwafi lambar da aka rubuta awar da ta wuce, bai je ya duba agogon awon ba. Illar ita ce inji ba ya lalacewa farat ɗaya. Zafi yakan riƙa hawa kaɗan-kaɗan, kuma littafin ne kawai zai nuna wa injiniya haka. In lambobin ƙarya ne, ba za a farga ba sai hayaƙi ya tashi. Haka ƙofofin da ke tare ruwa tsakanin sassan jirgi: wadda aka ce a rufe, ka rufe ta ka ɗaure dukan maƙullanta, ko da sau goma za ka wuce. Wanda yake son saba wa kansa wannan hali tun a gida, ya fara da ƙananan abubuwa: in an aike ka kasuwa ka dawo da canji cif, in ka ɓata abu ka faɗa kafin a tambaya.

Biyayya kuma tana da tsari. In an ba ka umarni, maimaita shi da ƙarfi don mai bayarwa ya san ka ji daidai, ka aikata, sannan ka dawo ka ce an gama. Tarbiyyarmu ta sunkuyar da kai da yin shiru a gaban babba abu ne mai kyau a zaure, amma a jirgi kunya tana kashewa. In ba ka gane ba, tambaya. In ka ga ruwa na yoyo ko ka ji ƙaurin waya, ɗaga murya nan take ko da babban hafsa na magana. Ƙorafi kuwa ta hannun na gaba da kai ake bi da shi, ba ta Facebook ba, kuma kada ka taɓa wallafa inda jirginku yake ko ranar da zai tashi.

A Apapa, Kalaba ko Yenagoa za ka kwana ɗaki ɗaya da Bayarabe, Inyamuri da ɗan Ijo, gado bisa gado. Ruwan daɗi a teku ƙayyadadde ne, don haka ka koyi wanka da alwala da ɗan kaɗan, ka tsara sallarka da abokin canjinka ba tare da ka bar gadi ba. In ba ka iya iyo ba, fara koya a wurin da akwai mai kula, kada ka je ka gwada kanka kai kaɗai a dam ɗin Dadin Kowa.

Akwai kuma jarrabawar kuɗi. Sintirin yankin Neja Dalta ya haɗa da kama ɓarayin ɗanyen mai, kuma sukan miƙa abin da ya ninka albashin kurtu. Ka ƙi karɓa, ka kai rahoto a ranar. Wanda ya karɓa sau ɗaya ya shiga hannunsu, domin gobe barazanar tona masa asiri za su yi, ƙarshenta kuwa kotun soja da kora.